Sarewar gwangwani mai zane ko marar zane: wacce masu busa suka fi so?

Kabiru Dublin

Salamu alaikum jama'ar zaure. Tun da masu koyon sarewar gwangwani ta mutanen Ailan sun ƙaru a cikinmu, akwai maganar da nake so mu baje ta. Duk wanda ya turo hoton wadda zai saya, sai in ga idonsa ya tafi kan mai koren fenti da zanen ƙulle-ƙulle na ruwan zinariya. Abin da nake gani a nan kuwa daban ne.

Shagunan 'yan yawon buɗe ido na tsakiyar Dublin cike suke da masu kwalliya: mai ganyen nan mai kunne uku, mai launin tutarsu kore da fari da ruwan lemo, har da baƙa mai farin kai ɗauke da tambarin giyar Guinness. Amma je ka inda gwanaye ke zama su yi kiɗa, ko bikin kiɗan gargajiya na Fleadh Cheoil da suke yi kusan duk shekara tun 1951, ka duba hannuwansu. Bututun tagulla ne ko na nikel, babu ko ɗigon zane, wurin hudojin ya yi duhu saboda yatsa. Mary Bergin, wadda kusan kowa ya sallama mata a wannan fanni, da sarewar kamfanin Generation ta yi suna, kuma adon Generation bai wuce launin kai ba: ja a kan ta tagulla, shuɗi a kan ta nikel. Babbar sarewa mai kaurin murya da Bernard Overton ya ƙera wa makaɗi Finbar Furey a 1971 ita ma zallan alminiyam ce.

Ra'ayina shi ne zanen nan don mai saye ake yinsa, mai busa ba ruwansa da shi. Wanda ke da ja ya zo mu ji.

Zainab A.

Wa alaikumus salam. Yaya Kabiru, ni ce mai ja. Mai saye da mai busa ai mutum ɗaya ne. Tawa Clarke Celtic ce, ga hotonta, koriyar da kake magana a kai, kuma zanen ne ya ja ni na saya, ba zan ɓoye ba. Ina ajiye ta a kan tebur inda idona zai riƙa faɗawa kanta, in na gan ta sai in ɗauka in busa. Da bututu ne kawai irin na famfo, da tuni tana ƙasan akwati. Zanen ƙwarya ba ya ƙara wa fura zaƙi, amma a jera maka ƙore biyu, mai zane da marar zane, mu ga wadda za ka miƙa wa hannu.

Malam Isa Mai Sarewa

Zainab ta yi gaskiya ta wani gefen. Sai dai ni da nake koyar da yara na ga ɗaya gefen. Uba zai shigo da wata mai ƙyalli, an zuba mata fenti kala uku, babu ma sunan maƙeri a jikinta. Ka ɗora a baki, hawa na biyu, wato siraran muryoyin sama, ya ƙi fita sai ƙara, hudojin kuma ba a daidai suke ba. Yaro ya yi ta fama, ya ɗauka shi ne bai iya ba, ya watsar. Kuɗin da ya kamata a kashe wajen gyara bakin sarewa an kashe shi a fenti. Irin waɗannan su ne suka sa nake ɗari-ɗari da duk mai kwalliya.

Zainab A.

Allah gafarta Malam, wannan laifin maƙeri ne. Akwai marasa zane da su ma ba sa busuwa.

Malam Isa Mai Sarewa

Akwai su, 'yata. Amma marar zane ba ta ruɗin kowa.

Baba Yohanna

Ina gaishe ku duka. Na karanta tun daga sama, bari tsoho ya sa baki. Ni sarewar gefe nake busawa tun ina yaro a ƙungiyar Boys' Brigade, daga baya na koma ta katako.

Kabiru ɗana, ka ce ado na mai saye ne. To duba mafi daɗewa a cikin masu ƙera sarewar gwangwani. Robert Clarke ɗan ƙodagon gona ne daga ƙauyen Coney Weston a yankin Suffolk na Ingila, ya fara naɗe kwano yana yin sarewa a 1843, ya koma wajen Manchester da sana'ar. Wadda kamfaninsa ke kira ta asali, da toshiyar katako a bakinta, baƙa ce da zanen lu'u-lu'u mai kusurwa huɗu na ruwan zinariya a wurin hudoji. Manyan masu busa da yawa sun riƙe ta, ba wanda ya ce musu 'yan yawon buɗe ido ne.

Abin da na fi so ku lura da shi shi ne, yawancin abin da ido ke ɗauka ado ne a jikin sarewa, aiki yake yi. Ɗauki sarewar katako da mutanen Ailan ke busawa. A kowace gaɓa akwai zoben azurfa. Kyau kam yana da kyau, farin ƙarfe a kan baƙin katako. Amma an sa shi ne don a wurin gaɓa katako ya fi siranta, kuma nan ake cusa ɗaya ɓangaren, in babu zobe sai ya tsage. A da har da hauren giwa ake yin zoben, kafin a hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989. A sarewar ƙarfe ta zamani kuma, za ka ga an sassaƙa furanni a farantin da leɓe ke zama. Duk wanda ya taɓa busa a coci da rana tsaka a watan Afrilu, gumi na zuba a haɓa, ya san amfanin wannan sassaƙa. Faranti mai santsi zamewa yake yi, mai zane kuwa yana kama fata.

Saboda haka ni na kasa ado biyu: wanda ya fito daga cikin aikin, da wanda aka manna bayan an gama. Na farko ina girmama shi ƙwarai. Na biyu kuwa, kowa da abin da ransa ke so.

Sadiq

Baba mun gode. Tambayata ɗaya ce, ni sabon shiga ne. Fenti ko zane yana canza murya? Wani ya ce min ta tagulla ta fi ta nikel taushin murya, kuma wai fenti yana danne sauti.

Malama Fa'iza

Sadiq, wannan ya shigo fannina, kimiyyar sauti nake koyarwa. A sarewa, iskar da ke cikin bututu ita ke rawa ta ba da murya. Jikin bututun kusan bai motsi, ba kamar fatar kalangu ko ƙoƙon goge ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne faɗin cikin bututu, tsayinsa, girman hudoji da wurin da suke, sai kuma tagar bakin da kaifin da iska ke bugawa. Fentin da ke waje ba ya cikin wannan lissafi.

An gwada wannan tun da daɗewa. A 1971 wani masanin kimiyya a Amurka, John Coltman, ya yi sarewa uku masu ciki iri ɗaya, ɗaya ta azurfa, ɗaya ta jan ƙarfe, ɗaya ta katako. Masu saurare sun kasa bambance su, masu busar ma da aka hana su sanin wadda ke bakinsu sun kasa. To in azurfa da katako ba su rabu a kunne ba, ina ga fentin da bai kai kaurin takarda ba?

Inda ado ke iya ɓata murya shi ne in ya shiga inda ba a gayyace shi ba. Fenti ya kwarara cikin huda ya rage mata faɗi, ko ya taru a kaifin taga, ko sassaƙa ta zo daf da huda har yatsa ya kasa rufe ta ruf. Iska kaɗan ta tsere, ƙananan muryoyi sun tafi.

Malam Isa Mai Sarewa

Malama, ban ƙi ilimi ba, amma kunnena ma shaida ne. Ina da Generation ta tagulla da ta nikel, duk masu muryar D a ma'aunin kiɗa, kuma wallahi ba murya ɗaya suke ba.

Malama Fa'iza

Na yarda ba murya ɗaya suke ba, Malam. Amma gwada wannan: tsoma kawunan a ruwan ɗumi har gam ɗin ya saki, ka zare su, ka sa jan kai a bututun nikel, shuɗin a na tagulla. Ina kyautata zaton muryar za ta bi kai ta bar bututu. Kawunan roba a inji ake zuba su dubbai, ba a rasa ɗan bambanci tsakanin wannan da wancan, shi ya sa gwanaye ke gwada da yawa a shago kafin su ɗauki ɗaya. Bambancin da ƙarfen ke kawowa a hannu yake: nikel na da santsi in yatsa ya yi gumi, tagulla kuma tana dafewa ta bar wari a yatsu.

Malam Isa Mai Sarewa

Zan gwada a gaban ɗalibai in Allah ya kai mu Asabar, su juya baya su saurara.

Musa Damagaram

Barkanku da hira. Ni abin da ya tsaya min a rai tun da Zainab ta sa hoton tata shi ne zanen kansa. Ku kalle shi da kyau. Igiya ce ɗaya tana shiga tana fita, ta bi ta sama ta bi ta ƙasa, ba ka ganin farkonta balle ƙarshenta. Wannan ai ɗan'uwan dagi ne. Dagin da ke jikin gidajen Zinder da Zariya da Kano, wanda ke kan aikin babbar riga da titimin fata, wanda Jihar Arewa ta ɗauka tambari a zamanin Sardauna. Ban ce wani ya kwaikwayi wani ba. Amma idon Bahaushe ya saba da irin wannan saƙa tun yana goye, don haka ban yi mamaki ba da 'yan zauren nan ke ta zaɓar mai ƙulli.

Tambayata ita ce, in har za mu riƙe sarewa mai zanen ƙulli, me zai hana ya zama namu? Ni dai da zan samu wanda zai zana min dagi a ƙasan kai, tsakanin baki da hudar farko, da na fi kowa murna. Kiɗan nasu ne, muna koyo da girmamawa, amma hannun da ke riƙe da ita na Bahaushe ne.

Kabiru Dublin

Malam Musa, wannan magana ta shige ni. Kuma ta ƙara min ƙarfi a wani wuri. Zanen ƙullin nan tsoho ne ƙwarai a Ailan, yana cikin littafin Kells da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 800, wanda ke ajiye a kwalejin Trinity a nan Dublin, mutane na bin layi su gani. Amma a littattafan addini da duwatsu da kayan ƙarfe yake. Dawowarsa kan kayan yau da kullum ta biyo bayan farfaɗo da kishin al'adarsu a ƙarni na 19, sannan kasuwar tsaraba ta karɓe shi.

Sarewar katako da tsofaffinsu suka gada kuwa, yawancinta a Landan aka ƙera ta don makaɗan manyan zaure, irin ta kamfanin Rudall da Rose. Bayan maƙerin sarewa ɗan Jamus Theobald Boehm ya fito da sabon tsarinsa a 1847, a hankali 'yan birni suka koma can, tsofaffin suka yi araha har suka kai hannun manoman yankunan Sligo da Roscommon da Clare na Ailan. Babu ƙulli ko ɗaya a jikinsu. Wato kiɗan da muke sha'awa ya girma ne a kan sarewa marar zane. Shi ya sa in na ga an lulluɓe ta da ƙulli don a nuna min wai ta Ailan ce ta gaske, sai raina ya ƙi.

Zainab A.

To Yaya Kabiru, Ailan kaɗai ce ke da sarewa? Mu leƙa wasu wurare. Dizi, sarewar gora ta mutanen Sin, ana sassaƙa mata baitocin waƙa a wajen kai, a naɗe ta da zare a wurare da dama, wasu har da tuntu a gindi, kuma manyan gwanayensu da ita suke hawa dandali. Bansuri ta Indiya zare mai launi ake ɗaura mata. Fujara ta makiyayan tsakiyar Sulobakiya, wadda ta kai tsayin mutum ko ta fi, da hudoji uku kacal, jikinta duk furanni ne, kuma UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2005. Waɗannan makiyaya ba don 'yan yawon buɗe ido suka fara zana ta ba.

Ko a Turai ma gwanaye na son ƙawa. Jean-Pierre Rampal, gwanin busa ɗan Faransa, ya yi shekaru yana busa sarewar zinariya da Louis Lot ya ƙera a 1869. James Galway, ɗan Belfast, da sarewar zinariya duniya ta san shi. Claude Laurent na Faris da gilashi mai sassaƙa yake yin tasa, wadda ya yi wa shugaban Amurka James Madison a 1813 tana ɗakin karatu na majalisar dokokinsu har yau. Rashin ado ma wani salon ado ne, Yaya. A wajen mutanenka na can, tagulla da ta dafe ita ce kwalliyar, don tana shaida cewa mai ita ya daɗe yana busa.

Kabiru Dublin

Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, ƙanwata. Na san masu busa a nan da ba sa yarda a goge musu tasu. Amma zaren bansuri da na dizi ai sun faɗa kason farko na Baba Yohanna, gora ake ɗaurewa kada ta tsage.

Zainab A.

Baitocin waƙar fa? Tsagewar me suke hanawa?

Nura

Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Ga mu Musulmi akwai abin dubawa kafin a yi oda ta intanet. Wasu ƙulle-ƙullen in ka ƙura ido za ka ga kan kare ne ko tsuntsu ko maciji aka saƙa a ciki, wasu kuma kuros ne a tsakiya. Mai tambarin giya da Kabiru ya ambata kuwa, ko kyauta aka ba ni ba zan shiga da ita gida ba. A buɗe hoto a duba da kyau.

Baba Yohanna

Nura ya kawo abin lura. Ni ma mai tambarin giya ba za ta shiga coci da ni ba.

Habu Baduku

Gaisuwa ga manya. Na ga an zo unguwarmu, shi ya sa na fito. Malam Musa, abin da kake nema mai yiwuwa ne, kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu. Algaita ai katako ce aka rufe da fata, dukawa ke yin wannan aiki tun kakanni. Makiyaya ma wasu kan kawo sarewarsu a naɗe mata fata, a sa mata igiyar ratayawa.

Amma ban ba da shawarar a sassaƙa jikin ta gwangwani ba. Kwanon siriri ne, kuma ruwan kuzan da ke samansa shi ke tare tsatsa, in aka karce shi har ƙarfe ya bayyana, damina ɗaya ta ishe ta. Ta tagulla mai kauri za ta ɗauki sassaƙa marar zurfi a hannun wanda ya iya. Abin da ni zan yi shi ne ɗan zobe na jar fatar akuya, a fere ta ta yi siriri, a yi dagin da baƙi da kore, a ɗinke shi daidai bututu yadda za a iya zare shi in ana so. Ba gam, ba ƙusa. In ka gaji da shi ka cire, sarewarka na nan yadda take.

Ga masu babbar sarewa ta alminiyam, fatar ma taimako ce, don babban yatsa na samun wurin kamawa a baya. Sai dai a riƙa zare ta bayan busa, saboda ruwan numfashi kan gangaro, fata kuma in ta sha ruwa ta bushe tana ƙanƙancewa.

Malama Fa'iza

Malam Habu, wannan dabara ba za ta taɓa murya ba muddin fatar ba ta kusanci taga ko hudoji ba. Game da alminiyam kuma, masu launi irin na kamfanin MK da ake yi a Sukotilan ba fenti ba ne. Da lantarki ake sa fatar ƙarfen ta yi kauri ta sha rini, shi ya sa launin ba ya ɓarewa kamar fenti. Mai son launi da zai daɗe ya nemi irin wannan.

Baba Yohanna

Habu ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ina da jan kunne ga masu sha'awar ta katako mai zoben azurfa, don na ga hotunanta sun fara yawo a nan. Baƙin katakon da ake yin ta da shi, wanda ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik, a ƙasa mai laima ake sarrafa shi. Ka kawo shi Kano ko Maraɗi cikin hunturu, lokacin da laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai katako ya tsuke. Alamar farko ita ce zoben ya fara juyawa ko ya zame da kansa. In ka ga haka, kada ka haɗa gaɓoɓin, don abin da ke riƙe da su ya saki. Kan da aka sa wa bututun ƙarfe a ciki ya fi haɗari, katako na tsukewa ƙarfe ba ya tsukewa, sai ya tsage a tsaye. A riƙa shafa man almon, a ajiye ta cikin akwati da ɗan soso mai damshi. Wanda ba zai iya wannan hidima ba ya sayi ta robar Delrin, ita ma ana sa mata zobe, daga nesa ba ka bambance su.

Sadiq

To ni da zan sayi ta farko, wacce zan ɗauka?

Malam Isa Mai Sarewa

Ɗauki mai muryar D daga maƙerin da ya sa sunansa a jiki, Clarke ko Feadóg ko Generation ko Tony Dixon. In kana da hali ka busa kafin ka biya: rufe hudoji shida ka ji ƙaramar murya ta zauna, sannan ka ƙara iska ka ji ta hau ba tare da ƙara ba. In biyu sun ci wannan jarrabawa, ɗauki wadda ta fi maka kyau.

Kabiru Dublin

Na yarda da Malam a nan. Tawa dai za ta zauna yadda take, ba zane. Amma Malam Habu, in ka gama na Malam Musa ka sa mana hoto, akwai wani dattijo mai busa a nan da nake so in nuna wa dagi kusa da ƙullinsu, in ji abin da zai ce.

Musa Damagaram

Malam Habu, tawa Feadóg ce ta tagulla. Me zan turo maka?

Habu Baduku

Zagaya bututun da zare a ƙasan kai, ka auna zaren da abin awo ka turo min. Sannan ka auna daga inda koren kan ya ƙare zuwa hudar farko. Zan bar faɗin yatsa ɗaya ta sama don kan ya samu wurin motsi in kana daidaita murya, in bar faɗin yatsa biyu ta ƙasa kada ta takura hannunka. Ka faɗa min kuma ko jar fata kake so ko baƙa.

Musa Damagaram

Ja, dagin kuma da baƙi kawai, a bar koren. Zan turo awon bayan la'asar.